Luguden Ƙaiƙayi

Tsarin farko da na ji an ce an yi shi don a fitar da mu daga talauci, a ƙofar gidan mai gari na ji shi, a wani ƙauye gaba da Bana kaɗan, inda aka kai ni aure. Lokacin Faransawa suna nan, amma an fara raɗe-raɗin tafiyarsu. Daga ranar zuwa yau na ji tsare-tsare da yawa, kowanne da sunansa mai tsawo, har na gaji na daina riƙe sunayen. Na farkon nan dai ban manta shi ba, don ya shigo har tsakar gidanmu.

Mu uku ne a gidan: ni, da uwar mijina da nake kira Inna, da ɗiyata da ban daɗe da yayewa ba. Mijina ya haye kogi ta Gaya tun bayan kaka, ya yi kudu cikin Dahome neman abin da za mu ci, kuma tun da ya tafi saƙo ɗaya muka samu, shi ma gaisuwa ce. Ban ga laifinsa ba. Damanar da ta wuce ruwa ne ya yi yawa, hatsi ya jiƙe a tsaye ya yi baƙi. Ɗan abin da aka tsira da shi kuma gardi, dogaran Faransawa, suka zo suka ɗebi rabon rumbun tsimi. Rumbuna ne da aka sa aka gina a bayan gari, kowane magidanci ya zuba dammansa, a liƙe da laka, ba mai buɗewa sai da izinin kumandan, Baturen da ke mulki a Gaya. An ce don ranar yunwa ne. Yunwar takan zo ta same mu muna hangen su daga nesa.

Kafin bazara ta yi tsakiya mun cinye abin da ke namu rumbun, sannan muka cinye iri. Wanda bai yi noma ba ba zai ji nauyin maganar nan ba. Iri shi ne zangarniyar da aka zaɓa tun a gona, aka rataye ta a saman ɗaki inda hayaƙi ke kaiwa, ba a taɓa ta ko da baƙo ya zo. Ranar da Inna ta sauko da shi ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Muka riƙa dama shi ruwa-ruwa har ya ƙare. Daga nan sai murucin da nake haƙowa a cikin giginyu, da ganyen yaɗiya, da ɗan gishirin da muke dafawa a fadama in kai kasuwa a ba ni abin da bai kai ya kawo ba. Ciki ana lallaɓa shi a haka. Gona kuwa ba ta lallaɓuwa. In ruwa ya sauka ba ka da abin jefawa a rami, shekarar ta tafi, kuma gonar da aka gani ba shuka mai gari kan ba wani aronta, irin aron da ba ya dawowa. Gonar nan ita kaɗai uban mijina ya bar musu.

Duk da haka, ba a taɓa wayewar gari ba a ji turmi a gidanmu ba.

Da hantsi Inna takan jawo turmi tsakar gida, ta zuba ƙaiƙayin da muka tara tun kaka, ta haɗa da ɗan yashi mai danshi don ya yi nauyi, ta miƙo mini taɓarya ta ɗauki tata. Mu yi ta lugude, ta saka in saka, har da ɗan tafin nan da ake yi in an jefa taɓarya sama. Mu daka abin da ba za a ci ba sai zufa ta jiƙa mana zane, sannan ta kwashe ta mayar cikin kwando don gobe. Ba Inna ce ta fara wannan ba, ta gaje shi ne. A garinmu mace takan yi haka don mai wucewa ya ji ya ce gidan nan da sauran rufin asiri. Matan unguwa kuwa ba wadda ba ta san ƙarar ƙaiƙayi da ta tsaba ba, ɗaya tana da kauri, ɗaya holoƙo ce. Amma kowa takan toshe kunne, don gobe ita ma tana son a toshe mata. Ni dai abin da na sani shi ne yunwa nake ji, kuma ana sa ni aikin da ke ƙara ta.

Ana cikin haka aka yi shela kumandan zai zo daga Gaya. Maza suka zauna a fili, mu mata muna bayan zana muna leƙe. Ya yi magana mai tsawo, tafinta yana juyawa. Wai manya sun zauna a Yamai da can gaba da Yamai sun tsara yadda za a raba ƙasar nan da yunwa gaba ɗaya. Za a haƙa rijiyoyi, a gyara hanya, a yi gada a kan kogi, a kawo garmar shanu. Amma da fari za a buɗe rumbun tsimi, a haɗa da iri da garin rogo da kamyo, babbar motar kaya, zai kawo, a fara ba wa wasu mutane. A nan tafinta ya tsaya neman kalma. Ya ce za a fara da talakawa. Fili ya ɗauki dariya, don in ka cire mai gari duk wanda ke zaune a wurin talaka ne, har da mai shanu. Tafinta ya koma ya yi magana da kumandan, ya juyo ya ce, to, matsiyata. Sai aka yi tsit. Na ga tsofaffi suna gyara zaman rawani, kowa yana kallon ƙasa kamar da maƙwabcinsa ake.

Rabon da aka taɓa yi a baya mai gari ne ya yi shi, kuma ya tsaya a gidajen surukansa. Saboda haka wannan karon aka ɗora aikin a kan malamin gona, wani saurayi Bazabarme daga wajen Doso, ɗan lakwal, wato ɗan boko, mai gajeren wando. Mushe ake ce masa, wai haka ake kiran malami da Faransanci. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin inda aka kira mutum mushe yana da rai ya amsa ba sai zamanin nan. Yaro ne mai ladabi, yakan rusuna ya gai da tsofaffi. Ya ce shi ba zai tambayi kowa ba, don ya ga yadda ake yi, mai rumbu cike shi ya fi kowa iya kuka. Zai bi lunguna ne da hantsi ya saurara. Gidan da ke da abinci ana jin turminsa, haka ya taso ya gani a gidan uwarsa. Gidan da ya tsaya ya ji shiru zai shafa farar ƙasa a ƙofarsa, ranar rabo kuma gardi farin za su bi, ba bakin kowa ba.

Har yau ban ce ya yi mugunta ba. Ya so ya yi adalci ne, kuma ya yi tunani kafin ya zo. A wani garin da dabarar ta yi.

A namu garin, waɗanda suka fara ganewa su ne masu abin hannu. Akwai wani ɗan kasuwa da ke kai kaya Kamba yana dawowa da atamfa, gidansa ba a taɓa rasa tuwo ba. Washegari aka kife turamen gidan, matan suka koma niƙa a kan dutse cikin ɗaki. Zuwan mushe na farko ya samu farinsa. Na gan shi da idona tsaye a ƙofa yana sakace, farin na bayansa, ko a jikinsa. Gidajen da na san ba su da ko tsaba ɗaya kuwa, ranar suka fi kowa daka. Unguwarmu ta ɗauki ƙara kamar ana shirin biki.

Da maraice a bakin rijiya aka tayar da zancen. Wata ta ce ai ba abin kunya ba ne, hatsinmu ne da muka zuba. Inna ta ɗaure guganta ta ce, yadda kowa zai ji, ita in har za a shafa mata fari, to a bari sai na likkafani. Mata suka yi ta gyaɗa kai. Cikin masu gyaɗawar har da Gwaggo.

Gwaggo maƙwabciyarmu ce, aminiyar Inna tun suna amare. 'Yar Dandawa ce daga bakin kogi, Hausarta har ta tsufa ba ta miƙe ba. Mijinta tsohon masunci ne, ido ya tafi, yana ɗaki ba ya fita, 'ya'yansu kuma duk sun watse. Danga ɗaya ta raba mu, kuma akwai wata kafa a gindin dangar inda suke miƙa wa juna wuta da daddawa. Ƙawa suke kiran juna. Ita ma ƙaiƙayi take dakawa, ita kaɗai, da hannuwanta kamar sillen kara. Inna ta sani, ita ma ta san namu. Ban taɓa jin ɗayarsu ta faɗa ba.

Na daure na 'yan kwanaki. Mushe yana da ƙauyuka da yawa, ba kullum yake zuwa namu ba, amma duk safiyar da ya zo ina jin ƙarar bokitinsa na farar ƙasa a lungu, in ji ya rage tafiya a ƙofarmu, in ji ya wuce, ni kuwa taɓarya na hannuna ina kore shi da kaina. Gabas ta fara haɗa hadari da la'asar. Rannan muna fadama muna tace ƙasar gishiri, ba kowa kusa, na durƙusa gefen Inna.

"Inna, da mun bar turmin nan ya huta kwana biyu."

"Ya ce miki ya gaji?"

"Mu munka gaji."

"Ke kinka gaji. Ni tun ba a haifi mijinki ba nike daka gidan ga. Ranar da ubanshi ya rasu kaɗai anka ji shiru."

"Ruwa ya kusa, Inna. Mi za mu sa rami?"

"Allah shina nan."

"Shina nan," na ce, "amma bokitin hannun mushe yake."

Ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Bakinki ya yi tsawo tun da ɗana ya tahi," ta ce, ta ci gaba da tace ƙasarta. Na ji haushinta ranar har cikin ƙashina. Na ce a raina tsohuwar nan za ta kashe mu a kan abin da mata za su ce a bakin rijiya, matan da su ma cikinsu ke kuka. Amma matar ɗa ba ta da ta cewa a gidan miji fiye da abin da na faɗa. Da safe na ɗauki taɓarya.

Ba maganata ce ta juya ta ba. A duk garin mutum biyu kaɗai turminmu ya ruɗa, mushe da ɗiyata. Yarinyar ta saba tun tana rarrafe, in an yi daka fura na tafe. Tana da wani ɗan ƙoƙo nata. Da ta ji mun fara sai ta ɗauko shi ta zauna a gindin turmi tana jira, tana bin taɓarya da ido. In mun gama ta ga an mayar da abin cikin kwando, ta yi kuka har ta gaji, in ba ta muruci ta tsotsa. Haka kullum. Sai wata safiya muka fara lugude, ba ta taso ba. Tana zaune a inuwar rumbu tana wasa da ƙasa, ƙoƙon yana kife can gefe, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na ga Inna ta dube ta. Taɓaryarta ta saɓa da tawa har suka gwaru, abin da bai taɓa faruwa ba. Muka ƙarasa dakan.

Ran nan da yamma mai shela ya bi gari ya ce gobe ne zuwan mushe na ƙarshe, bayan kasuwa kamyo zai iso.

Gari ya waye, hantsi ya yi, Inna ba ta jawo turmi ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta ta kwanta ta juya fuska ga bango. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta yi mini bayani ba. Na ɗauki yarinyar na zauna. Unguwa duk ta ɗauka, dama da hagu, gidanmu kaɗai shiru, kuma sai a lokacin na ji abin da take gudu. Shirun yana da nauyi. Ji nake kamar an yaye mana rufin ɗaki kowa yana leƙowa. Na ji tausayinta, na kuma ji daɗi, duka biyun a lokaci guda. Daga can bakin lungu na fara jin bokiti.

Sai turmin Gwaggo ya tsaya.

Na ji motsi a gindin danga. Ta kafar nan da ake miƙa wuta ta kutso, a rarrafe, kara yana yagar mata zane, tana jan taɓaryarta. Ta miƙe tana haki. Ta ga Inna kwance, ta gan ni da yarinya a cinya, ta gama hukuncinta: ƙawarta ciwo ya kayar, ni kuma sakarya ce na zauna ina kallo. Ta harare ni. Ta jawo turminmu da ƙyar, ta juye kwandon ƙaiƙayi ciki.

"Kwanta abinki, ƙawa," ta ce. "Na ji abin da kinka ce bakin rijiya. Ba a shafa miki fari ina da rai."

Ta fara daka.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Kalma ɗaya ta isa, in ce Gwaggo bari, da gangan ne. Inna ta juyo daga bango ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonta ba, ba na faɗa ba ne, roƙo ne. Ta iya yin shiru a gaban gari, amma ba ta iya faɗa wa matar nan da ta rarrafo ta cikin kara cewa ta janye maganarta. Ni kuma ban iya faɗa a madadinta ba tana kallona haka. Gwaggo tana daka ita kaɗai, numfashinta yana fita da ƙara, taɓaryar tana neman fin ƙarfinta. Inna ta dafa ƙasa ta tashi. Ta ɗauki tata taɓaryar ta tsaya gaban ƙawarta, ta jira bugu ɗaya, ta shiga.

Ban taɓa jin luguden da ya yi daɗin na ranar ba, kuma ban taɓa ƙin wani sauti kamarsa ba. Bokiti ya zo ƙofarmu, ya ɗan tsaya, ya wuce. Ina zaune riƙe da ɗiyata, ban yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa.

Da suka gama Inna ta yi mata godiya yadda ake yi, ta ce Allah ya rufa mata asiri duniya da lahira. Gwaggo ta ce ba komai, ai yi wa kai ne. Wannan karon ta ƙofa ta fita, don ba sauran gaggawa. Ba a jima ba muka ji ta yi salati a hankali. Muka leƙa. Tana tsaye a lungu, taɓarya a hannu, tana kallon gungumen giginyar da ke riƙe da ƙofarta. An shafa masa fari tun daga sama har tsakiya, bai ma bushe ba, yana ɗiga. Mushe ya wuce mu ya tsaya a nata gidan, ya saurara, ba turmi, sai tarin tsoho a ɗaki.

Ta shiga gida ta ja ƙyaure. Ranar ba ta je rijiya ba, washegari ma haka. Ni nake ɗebo mata ruwa in tura ta kafar danga. In na je rijiya mata sai su bi ni da ido.

Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. A ganinta ita ta jawo wa ƙawarta, matar ta bar ƙofarta buɗe ta zo rufe tamu. Ranar kasuwa da azahar, lungu ba kowa, na fito na same ta ta kwaɓa laka a sakaina ta nufi ƙofar Gwaggo. Na gane abin da za ta yi. In ta shafe farin nan, gobe gardi za su wuce gidan kamar yadda za su wuce namu, gida biyu ba iri. Na bi ta da sauri. Ta ɗebo lakar ta ɗaga hannu, na kama wuyan hannun.

Ban taɓa taɓa jikinta ba sai da ruwan wanka ko man shafawa. A garinmu matar ɗa ba ta riƙe hannun uwar miji. Hannun ba nauyi, kamar na kama reshe busasshe.

"Sake ni," ta ce.

"Inna, bari sai an raba."

"Kin san mi kike yi?"

"Na sani. Ki yi mini duk abin da za ki yi, ki faɗa wa ɗanki in ya dawo. Amma bari sai an raba."

"Don ni anka tozarta ta."

"An riga an gani, Inna. Kowa ya gani. Abin da ya rage shi ne ta samu abin da anka tozarta ta dominshi."

Muka tsaya haka, laka tana zubo mana a hannu mu biyu. Gwaggo tana bayan ƙyaure, na san tana ji, don tarin mijinta kaɗai ke fitowa, ita ko motsi. Ba ta ce a shafe ba, ba ta ce a bari ba. Can Inna ta saki hannunta ya yi laushi. Ta ajiye sakainar a gindin gungumen ta koma gida. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai ta bakin yarinya, ce wa uwarki ta kawo ruwa, ce wa uwarki rana ta yi.

Kamyo ya zo. Aka fasa rumbunan tsimi, aka tarar gara ta ci rabonta tun tuni, aka haɗa abin da ya saura da wanda aka kawo. Gardi suka bi fari gida gida. Ɗan kasuwar nan ya karɓi nasa ya sa aka kai ciki. Suka zo lungunmu, suka wuce ƙofarmu ba su ko kalle ta ba, suka buga ƙyauren Gwaggo. Hannu kaɗai ta miƙo. Cikin hatsin da aka auna mata wataƙila har da dammanmu na bara, wa ya sani. Na ji an ce kumandan ya yaba da aikin, ya ce a garinmu yunwa ba ta yi tsanani ba, gidaje kaɗan ne suka bukaci taimako.

Da la'asar na ga ƙwarya ta shigo ta kafar danga, an rufe ta da faifai. Ba sallama, ba magana. Inna tana zaune tana kallon ta, ta daɗe. Ina tsoron kada ta mayar. Sai ta ce wa yarinya, ce wa uwarki ta ɗauke abin nan kada kaji su gani. Ba mu da kaza ko ɗaya. Na buɗe, iri ne, rabin abin da aka ba gida guda, da ɗan garin rogo a ƙulle a tsumma. Na jiƙa garin na zuba wa yarinyar a ƙoƙonta. Sai da na kai mata har baki, don ta daina yarda da ƙoƙon.

Da magariba ta kusa Inna ta je ta ƙara wa lakar nan ruwa, ta shafe farin tas, ta bi da tafin hannu ta lailaye. Wannan karon ban hana ta ba. Washegari Gwaggo ta fito rijiya.

Rabin irin gida ɗaya ba ya shuka gona. Kusurwar da ke kusa da fadama kaɗai ya isa, sauran ta zauna fili, kuma kafin mijina ya dawo mai gari ya ba da aronta ga mai iri da yawa. Ba sai na faɗi ko wane ne ba. Mijina ya yi ta zirga-zirga a kanta har ya tsufa. Gadar da aka ce za a yi an yi ta, na hau ta, tana da kyau. Garmar shanu kuma na gan ta a gonar da ta kasance tamu. Daga baya an sake zuwa da wasu tsare-tsaren, bayan Faransawa sun tafi, wasu su ƙirga rumbu, wasu su duba rufin ɗaki, wasu su auna hannun yara. Duk wanda ya zo nakan ba shi tabarma in amsa abin da ya tambaya. Ban ƙara jin zuciyata ta tashi don an ce an kawo tsari ba.

Amma ruwan farkon shekarar nan ina tune da shi. Ya sauko da asuba, mai ƙarfi, har ƙasa ta sha. Da gari ya waye muka fito shuka, ni da sungumi da goyo, Inna da 'yar ƙwaryar iri a ka. Gwaggo ma ta fito da tata. Ruwan ya wanke lakar da Inna ta shafa, ta zube a gindin gungume, farin kuwa ya riga ya shige cikin zaren giginyar, ya fito fes kamar jiya aka yi shi. Duk mun gan shi. Gwaggo ta tsaya tana gyara gammo, Inna ta matsa ta tsaya tsakaninta da ƙofar, ta ba wa farin baya.

"Ina kwana, ƙawa. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Suka kama hanya, Inna a gefen da ƙofar take har suka fita lungu. Na bi su a baya. Irin da ke kawunansu su biyu, in an haɗa, bai cika ƙwarya ɗaya ba.